Baba Sitati da Kyanwar da Ta Ƙi Wankuwa

A ƙarshen layin da ke bayan tashar mota, tsakanin shagon mai gyaran agogo da na mai ɗinkin katifa, akwai wani ɗaki mai ƙofa biyu da taga ɗaya, wanda aka shekara arba'in da ɗaya ana wanki da guga a cikinsa. Mai ɗakin dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, wanda 'yan layin ke kira Baba Sitati. Laƙabin ya samo asali ne daga rigunan da yake gogewa, waɗanda ake cewa ko an sauke su daga maratayi za su iya tsayawa da kansu. Na zauna da shi sau huɗu, da matarsa sau biyu, kuma duk inda maganarsu ta saɓa na kawo ta kowannensu.

Shi ne na biyar cikin 'ya'ya bakwai na wani direban babbar mota. Bai yi nisa a makaranta ba. Yana da shekara goma sha shida ya shiga ɗakin wankin wani otal, inda ya shekara tara: uku a bakin baho, biyu a igiyar shanya, huɗu a teburin guga. A can ya ɗauko aƙidar da ya rayu a kanta, wato babu tabon da ba ya fita, sai dai mai wankin da ya gaji da wuri. Da otal ɗin ya rufe, aka bar masa dutsen guga guda na gawayi. Da shi ya kama wannan ɗaki, ya yi aure a shekarar da ta biyo baya, kuma da zafin wannan dutse aka raini 'ya'ya huɗu har suka kama gabansu.

Ɗakin bai sake kama ba tun daga lokacin. Akwai tebur mai shimfiɗar bargo uku da farin ƙyalle a sama. Akwai kanta mai hawa huɗu, marar murfi, inda ake jera kayan da aka gama, masu launi a ƙasa, farare a can sama. A bakin taga kwalabe ne a jere, babu mai rubutu, amma ya san kowace da abokin gabarta: ta tawada, ta tsatsa, ta jini, ta baƙin mai. Ƙofar baya kuwa tana buɗewa ne zuwa tsakar gidansa, inda bahunan wanki suke. Abin alfaharinsa shi ne, kafin zuwan kyanwar, bai taɓa mayar wa mai kaya riga da tabo ba. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta tuna masa cewa ya taɓa ƙona wandon wani. Ya ce ƙuna daban, tabo daban.

Labarin kyanwar ya fara ne da wata malamar makaranta da ta yi ritaya. Duk ranar Talata takan kawo masa wasu 'yan riguna ƙanana marasa hannu, kowace da wani maiƙo ruwan ƙasa a wuya da hammata. Baba bai taɓa cin karo da irin wannan maiƙo ba. Sai da ya yi wata guda yana gwada kwalabensa kafin ya ci galaba a kansa. Ya ɗauka rigunan jinjira ne, don haka duk lokacin da malamar za ta tafi sai ya ce, “A gaida min jikata.” Ita kuma ta yi murmushi ta ce, “Za ta ji.” Aka shekara biyu a haka.

“Abin nan yana damuna,” ya ce wa Inna wata rana, yana ɗaga riga guda. “Shekara biyu yarinya ba ta ƙara ko ɗan yatsa ba. Anya suna ba ta abinci?”

“Kai wanki aka kawo maka ko awon nauyi?” in ji Inna.

Shekara takwas da suka wuce, wata Talata, malamar ta zo ba da riguna kaɗai ba, har da kwando rufe da tawul. Ta ce ɗanta ya matsa sai ta koma wurinsa, kuma a benen da yake zaune an hana ajiye dabba.

“Baba, ga jikar taka da kake ta aiko wa gaisuwa.”

Ya ɗaga tawul ɗin, ya ja da baya har ya bugi teburin guga. Wata halitta ce ke kallonsa da manyan idanu, kunnuwa a miƙe kamar na jemage, fata ruwan toka duk a tattare, babu gashi ko sili ɗaya, hatta na baki.

“Subhanallahi! Malama, wa ya yi mata wannan ɗanyen aiki?”

“Babu kowa. Kyanwa ce, haka Allah ya yi irinsu.”

“Cuta ce?”

“Iri ne, Baba.”

Malamar ta yi masa bayani a tsanake, kamar tana gaban allo. Ta ce gashi ne ke shanye maiƙon jikin sauran kyanwoyi. Wannan kuwa da ba ta da shi, maiƙon a kan fata yake zama, ya shafi duk abin da ta kwanta a kai. Tana jin sanyi fiye da jariri, rana kuma tana ƙona ta, ga ci kamar gara, domin abincin ne itacen da ke ɗumama ta. A riƙa yi mata wanka jefi-jefi. Sannan ta jefa maganar da ta kama shi: “Na duba duk garin nan, kai kaɗai ka iya da maiƙonta.”

Baba ya amsa mini da bakinsa cewa wannan yabo ne ya ci shi. Ya miƙa hannu a ɗarare ya taɓa bayanta, sai ya ji ta da ɗumi da santsi kamar siliki da aka sauke daga guga yanzu. Nan take ya raɗa mata suna Siliki. Bai tuna ya tambayi malamar kwana nawa ne tsakanin wanka da wanka ba.

Inna ta leƙo daga ƙofar baya, ta daɗe tana kallo.

“Maigida, wannan kazar an fige ta aka manta ba a yanka ba?”

Tun daga ranar ba ta taɓa kiranta da wani suna ba sai Figaggiya.

Watannin farko sun tafi lafiya. Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne tattarar fatarta. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da yamutsa, sai ga yamutsa tana yawo a shagonsa da ƙafa huɗu. Yakan sa babban yatsa ya miƙar mata da goshi, yana ɗagawa ya koma yadda yake. Mai agogo, wanda shekara talatin ke nan suna tsokanar juna, yakan leƙo ya ce, “Sitati, aiki a gabanka ka kasa? Ɗan yayyafa mata ruwa ka bi da dutse mana!”

Matsalar ta taso ne daga hawa na sama na kanta. Mafi daɗewa cikin masu kawo masa kaya wani likitan haƙori ne, mutum marar yawan magana, wanda idan kana yi masa zance bakinka yake kallo ba idonka ba. Shekara ashirin da shida yana kawo fararen rigunan aikinsa guda shida, ya karɓa ranar Asabar. Rigunan na auduga ne mai kauri. Baba yakan bar su ƙarshe ranar Juma'a, ya zuba sabon gawayi, ya goge su da dutse mai zafi, ya ninke, ya ɗora a sama. Auduga mai kauri kuwa tana riƙe ɗumi. Siliki ta gano haka kafin mai shagon. Ba a kansu take kwanciya ba, da an gan ta; tsakaninsu take kutsawa, ta yi barcinta, ta fito ta bar su a ninke kamar ba a taɓa ba.

Wata Litinin likitan ya shigo da riga a hannu, ya ware ta a kan tebur. A tsakiyar bayanta akwai wani tabo ruwan ƙasa mai faɗin faranti.

“Baba, wata mata ta tambaye ni ko ina haɗawa da gyaran mota.”

Baba ya ce a ransa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya gane maiƙon da kallo ɗaya, amma bai faɗi daga inda ya fito ba. Ya wanke rigar, ta fita tas. Bayan mako biyu aka sake. A wannan karon wani a gidan likitan ya yi ƙoƙarin taimakawa, ya bi tabon da dutse mai zafi, ya gasa maiƙon cikin zare. Baba ya ƙarar da kwalabensa duka a kansa, tabon ya dusashe amma ya ƙi tafiya. Shi ne tabo na farko da ya kayar da shi.

“Riƙe ta, ta zama taka,” in ji likitan. “Shekara ashirin da shida ba wasa ba ce, shi ya sa na dawo sau biyu. In aka yi na uku, ba za ka ji daga bakina ba, za ka dai daina ganina.”

Inna tana bayan ƙofa, ta ji komai. Likitan na fita ta yanke hukunci.

“Ranar da rigunan likita suka bar shagon nan, ranar Figaggiya za ta bi bayansu. Mai katifa ya ce ƙanensa yana da gona, ɓeraye sun dame shi.”

Baba ya san abin da gona take nufi ga halittar da rabin sa'a a rana ke sa bayanta ya yi jajur. Ya kuma san cewa Inna ba ta magana biyu.

Ya gwada kulle ta a cikin gida, ta yi ta kuka har mai agogo ya aiko a tambaya ko an yi haihuwa ne. Ya gwada rufe rigunan a leda, suka yi gumi, sitatin ya saki. Daga nan ya koma ga abin da ya sani. A hankalin mai wanki, abin da ke fitar da datti bai wanku ba ne, wanda bai wanku ba kuwa a sake wanke shi. Daga wankan mako-mako ya koma na kwana uku-uku, daga nan kullum, daga nan safe da yamma. Ya ware mata ƙaramin baho, da sabulun da yake wanke siliki da shi. Yakan bi ƙa'idar aiki daki-daki: jiƙo, sabulu, cuɗa a hankali, ɗauraya sau uku. Inna ta ce bular fararen kaya da igiyar shanya kaɗai ya tsallake.

“Saura sitati,” in ji mai agogo.

Abin mamaki, maiƙon sai ƙaruwa yake yi. Da safe a wanke ta fes, kafin azahar farin ƙyalle ya yi ruwan ƙasa idan an shafa mata. Ga shi kuma tana fita daga baho tana rawar ɗari, ba ta zarcewa ko'ina sai saman kanta. Juma'a uku a jere yana kama ta a tsakanin rigunan likita, sau uku yana sake wanke su kafin Asabar. Ya ga wankin hula yana neman kai shi dare, amma maimakon ya sassauta sai ya ƙara sabulu. A mako na uku ƙuraje suka feso mata a hammata, fatarta ta fara saɓa, ta juya wa kwanon abinci baya. Kyanwar da ke cin na kyanwa biyu ta yini ba ta ci ba. Nan ne ya ajiye sabulu. Ya sa mata riga, ya naɗe ta a tawul, ya kai ta asibitin dabbobi.

Likitar da ta duba ta sa'ar autarsa ce. Ta ɗaga hammata, ta leƙa kunnuwa, ta ɗauki biro.

“Baba, sau nawa ake yi mata wanka?”

“Sau biyu.”

“A wata?”

“A rana.”

Ta ajiye biron a hankali.

“Baba, wace sana'a kake yi?”

Ya faɗa mata, har da shekarun. Ta rufe baki da hannu na ɗan lokaci, sannan ta ce, “Fata ba yadi ba ce, Baba. Yadi in ka cire masa maiƙo, ya tafi ke nan. Fata kuwa in ka ƙwace mata nata, sai ta firgita ta ninka shi. Kowane wanka da ka yi, umarni ka ba ta ta ƙaro. Ga shi kana sa ta jin sanyi, dole ta nemi wurin da ya fi ko'ina ɗumi. Garin gyaran gira ka kusa rasa ido.”

Ta ba shi man shafawa, ta kuma rubuta masa doka. Mako biyu kada ruwa ya taɓa ta. Bayan haka wanka sau ɗaya a kwana goma, da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi. A tsakani, a goge mata lungunan fata da jiƙaƙƙen ƙyalle mai laushi, a share kunnuwa da gindin farata. Sannan a sama mata wuri mai ɗumi wanda yake nata ne ita kaɗai.

“'Yata, shekara arba'in da biyu ina wanki. Yau ke za ki ce min maganin datti shi ne a bar shi?”

“Na wannan dattin dai, Baba, shi ne.”

Baba ya ce bai taɓa yin aikin da ya kai waɗannan makonni biyu wuya ba, alhali aikin shi ne kada ya yi komai. Yana guga yana hango baƙi-baƙi a lungun wuyanta, hannunsa yana ƙaiƙayi. A rana ta biyar ya yanke shawarar cewa ɗan wanka ɗaya, na ɗauraya kawai, ba zai kai kunnen likita ba. Ya fita tsakar gida, babu ƙaramin baho. Ya duba bakin taga, babu sabulun siliki.

“Ina bahon nan?”

“Wane baho?” in ji Inna, ba ta ko ɗago kai ba.

“Na Siliki.”

“Ni na taɓa zama mai gadin bahon Figaggiya?”

Sai bayan makonni biyun sun cika aka ga bahon da sabulun a ƙarƙashin gado, bayan akwatin kayan Inna. A nan majiyoyina suka saɓa. Inna ta ce ruwa take tattali, domin wankan kyanwa ya fi na mutanen gidan cin ruwa. Baba kuwa ya ce gwiwarta ce. Ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, ita kuma Siliki ta koyi hawa kanta da rana idan Inna ta miƙe ƙafa, ta zame mata kamar ruwan zafi a gora wanda ba ya hucewa. Ba zan yanke hukunci tsakanin miji da mata ba. Zan dai ce a zamana na biyu da Inna, duk tsawon lokacin da take bayyana mini yadda ba ta ƙaunar dabbar, dabbar tana kan gwiwarta ta hagu.

Saura wuri mai ɗumi. Ya shimfiɗa mata bargo a kwali, ta shinshina ta wuce. Ya sa mata tawul kusa da murhun gawayi, ta kalle shi kamar ya zage ta. Rigunan likita kuwa, ranar Juma'ar farko ta dokar, sai da ya zauna gadinsu a kan kujera har suka huce. Yana zaune a nan ne tunanin ya zo masa, kuma a wannan karon sana'ar ce ta fitar da shi, kamar yadda ita ta jefa shi. Kyanwar ba ƙeta take yi ba, yadi ta sani. A duk shagon ta zaɓi auduga mafi kauri da guga mafi zafi, abin da shi kansa zai zaɓa.

Ya ɗauko rigar nan mai tabo da likita ya bar masa. Ya goge ta da kulawar da yake yi wa sauran, sai dai bai sa sitati ba. Ya jira har ya iya ɗora kuncinsa a kanta ba tare da ya janye ba, ya ninke ta, ya ajiye a hawa na sama. Siliki ta hau, ta zagaya sau biyu, ta cusa kai ta wuya, ta ɓace. Daga ranar ya kafa ƙa'ida: duk abin da za a goge a shagon, rigarta ce ta ƙarshe a sauka daga tebur, domin kada a sami wadda ta fi ta ɗumi.

Juma'a ta gaba bai yi gadi ba. Ya goge shida na likita, ya goge ta bakwai, ya jera su gefe da gefe, ya juya baya da gangan. Inna ta ce sau tara ya waiwaya.

Ranar Asabar likitan ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa inda haske yake, ya ware rigunan ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya. Mai agogo ya bar aikinsa ya zo kallo, Inna ta tsaya a ƙofar baya da hannu a ƙugu. Ta farko fes, ta biyu fes, har ta shida. Likitan ya gyaɗa kai. Zai juya ke nan idonsa ya kai saman kanta, inda wata farar riga mai sunansa ɗinke a aljihu take motsi. Kunnuwa biyu suka fito ta wuyanta, sannan tattararren goshi.

“Baba, wane ne wannan ya gaji kujerata?”

Babu sauran abin ɓoyewa. Baba ya faɗi komai, tun daga kwandon malama har zuwa bahon da ya ɓata. Likitan ya saurara yana kallon bakinsa kamar kullum. Sannan ya ajiye rigunan, ya miƙa hannu, ya ɗaga wa kyanwar leɓe da ɗan yatsa.

“Haƙoranta sun fara tara datti. A riƙa goge mata.”

Fuskar Baba ta washe. “Sau nawa a rana, likita?”

“Likita, don girman Allah,” in ji Inna daga ƙofa, “kada ka faɗa masa! Ni za ka faɗa wa.”

Ita aka faɗa wa. Har yau buroshin haƙoran Siliki yana wurinta, kuma Baba bai san inda take ajiye shi ba. Mai katifa ya tuno da maganar gona sau ɗaya, Inna ta ce ƙanensa ya sayi tarko.

Likitan ya ci gaba da kawo rigunansa har ya ajiye aiki. Shi ma Baba bara ya daina karɓar kayan mutane, domin kafaɗarsa ba ta ɗaukar dutsen yini guda. Kwalaben suna nan a bakin taga, kantar kuwa babu komai a hawa uku na ƙasa. Amma kullum da safe yana hura gawayi, ya shimfiɗa farar rigar da ta sha faci a gwiwar hannu, ya bi ta tun daga wuya har gindi, ya gwada da kunci, ya ninke. Ya ce a duk masu kayan da ya yi wa aiki babu mai tsanani kamar wannan: ba ta taɓa cewa an gode ba, kuma idan dutsen bai yi zafi sosai ba, sai ta sauko ta tafi wurin Inna.